Ɗan Tata: marayan Bebeji da tsohuwar da ta riƙe shi

Tsaya tukuna kafin ka wuce zuwa bidiyo na gaba. Akwai wani suna da ka sha ji tun kana ƙarami. Ka gan shi a jikin manyan motocin aikin hanya, ka ji shi a bakin maroƙa, wataƙila ma ka taɓa tsokanar abokinka da shi ranar da ya sayi tsiren dubu biyu bai ko taya ba. Dantata. To yanzu raba sunan gida biyu, ka sake furta shi a hankali: Ɗan Tata. Wace ce Tata?

Ni kaina sai da na shiga aji biyu a jami'a, aka ba mu aikin rubuta tarihin wani shahararren mutum, sannan na san cewa Tata mace ce, kuma ba ita ta haifi Alhassan ba. Tsohuwa ce, baiwa a gidan mahaifinsa, wadda aka bar wa yara a hannu bayan maigida ya rasu. Mutumin da aka ce ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma lokacin da ya bar duniya, da sunan wannan tsohuwa aka san shi, da shi kuma ake kiran 'ya'yansa da jikokinsa har gobe. Wallahi ranar da na karanta wannan sai da na ajiye waya na yi shiru.

An haifi Alhassan a Bebeji, kudu da birnin Kano, a 1877. Gidansu gidan fatauci ne. Mahaifinsa Abdullahi Ba'agale ne, kuma Agalawa, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ne suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Idan aka ce Gwanja, ana nufin arewacin Ghana ta yau, inda kasuwar Salaga take. Ayari kan tashi da jakuna ɗauke da baƙaƙen rini na Kano da fatu da kanwa, a yi watanni a hanya ana yada zango, a dawo da huhun goro. Madugu ne shugaban tafiya, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, shi ke yanke inda za a kwana. Abdullahi ya kai wannan matsayi. Matarsa ma, wadda aka fi sani da Amarya, 'yar kasuwa ce mai jarinta. Ka ga ke nan yaron bai faɗo cikin talauci ba.

Wajen 1885 Abdullahi ya rasu. Alhassan yana da kimanin shekara 8. Mahaifiyarsa ta tattara ta koma Accra da zama don ci gaba da kasuwancinta, ta bar shi da 'yan'uwansa a Bebeji. Abin da ya samu na gado bai kai shi ko'ina ba. Ka san yadda abin yake ko a yau: ranar uku gida cike, ranar bakwai ana rabon waina, bayan arba'in kowa ya kama gabansa, sai a ga wa ya rage a tsakar gida tare da yaran. A gidan Abdullahi, Tata ce ta rage.

Ina so ka ɗan tsaya a kan wannan mata, don masu ba da tarihin sukan ambace ta a layi ɗaya su wuce zuwa lissafin kuɗi. Baiwa ce. A tsarin wancan zamani ita kanta dukiyar wani ce, ba ta da gado a gidan, ba ta da albashi, yaran kuma ba jininta ba ne. Babu wani gini a Bebeji ta 1885 da aka rubuta wa gidan marayu a ƙofa, babu kwamiti, babu lambar asusun da za a tura taimako. Ɗakinta shi ne gidan marayun. Ita ce mai dafawa, ita ce mai jinya, ita ce mai faɗa idan an yi ba daidai ba. Mutanen gari suka riƙa ganin yaron a bayanta kullum har suka daina kiransa ɗan Abdullahi. Babu wanda ya zauna ya raɗa masa wannan suna da rago, bakin jama'a ne ya ba shi, saboda abin da idonsu ya gani.

Aka sa shi makarantar allo a nan Bebeji. Rayuwar almajiri ce ya yi, irin wadda ka sani: ka nemi abin da za ka ci, ka nemi abin da za ka sa, ka yi wa malam hidima, sannan ka wanke allo ka biya karatu. Alhassan ya fi karkata ga yin aikin ƙarfi da 'yar ƙaramar talla don ya sami na kansa. Kuma a nan ne maganar asusu ta shigo. Masu rubuta tarihinsa sun ce tun yana yaro ya mallaki asusu yana jefa abin da ya samu, cewa tarbiyyar Tata ce ta ɗora shi a kan tattali, har ma asusun ya wanzu a hannun iyalansa bayan rasuwarsa. Kuɗin lokacin wuri ne. Yaron da bai da tabbacin tuwon dare, amma ya iya hana cikinsa wuri biyu ya ajiye don gobe, ai ka san akwai wanda ya zaunar da shi ya koya masa.

Bari in ɗan kauce, don wannan wurin ne ya taɓa ni. A azumin da ya wuce, mu 'yan ajinmu na sakandare a Sule Tankarkar muka buɗe guruf a WhatsApp don ɗinka wa marayu kayan Sallah. Kowa ya turo abin da ya sawwaƙa, wani ɗari biyar, wani dubu, wata 'yar ajinmu da ke aure a Gumel ta aiko da atamfa. Muka sayi yadi, wani tela ya yi mana ragi, ana jibi Sallah muka raba. Ni aka ba wa aikin ɗaukar hoto, tunda ni ne mai karantar aikin jarida. Na jera yaran a jikin bango kowa riƙe da ledarsa. Wani yaro, bai fi shekara tara ba, ya ɗaga ledar ya rufe fuskarsa. Na ce ya sauke, ya ƙi. Na sake cewa ya sauke, har da ɗan tsawa. Ya sauke, na ɗauka, na ɗora a Facebook, aka yi ta zuba mana addu'a a ƙasa. Sai bayan kwana biyu kakarsa ta faɗa mini, cikin dariya ma ta faɗa, cewa yaran unguwa sun ga hoton a wayar wani suna ta kiransa mai kayan sadaka, ya ƙi sa kayan ranar Idi. Ita ce ke riƙe da shi da ƙannensa uku tun rasuwar ɗanta, da kuɗin ƙuli-ƙuli. Ta yi mana godiya sosai fa. Amma da na tambaye ta abin da ya fi damunta, ba ta ambaci tufafi ba. Geron da zai kai su kaka ta ambata, da kuɗin littafi. Na goge hoton a daren, sai dai wanda ya gani ya riga ya gani.

To mu koma Bebeji. Da Alhassan ya kai wajen shekara 15, sai ya bi ayarin Gwanja don ya je ya ga mahaifiyarsa. Ka duba taswira a wayarka ka ga nisan Kano da Accra, sannan ka tuna a ƙafa aka yi ta. Ya sayi 'yan kaya a Bebeji ya riƙa sayarwa a hanya. Wataƙila a ransa yana tunanin wahala ta ƙare, zai je ya zauna a inuwar uwa mai arziki. Da ya isa, ba ta ajiye shi a gabanta ba. Ta kai shi wurin wani malami ta ce ya zauna can har lokacin komawarsa. Ya ci gaba da neman na kansa a baƙon gari kamar yadda ya saba a gida. Wasu na karanta wannan su ce horo ne ta yi masa don ya tsaya da ƙafarsa. Mai yiwuwa. Ni dai idan na sa kaina a matsayin yaron da ya taka wata da watanni don ya ga uwarsa, ba na jin kalmar horo ce za ta fara zuwa mini. Abin da ba a musu a kai shi ne ya dawo ya san hanya, ya san goro, ya san mutanen bakin teku.

Bai daɗe da dawowa ba ƙasar Kano ta kama da wuta. A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka ƙi yarda suka fice zuwa Takai. Wannan shi ne Yaƙin Basasa. Agalawa da dama sun goyi bayan Tukur, kuma ɓangarensa ne ya sha kashi, Alu ya hau gadon Kano. Aka ci garuruwan da suka bi Tukur, aka kama mutane. Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi suna cikin waɗanda aka kama aka bautar, sai daga baya suka fanshi kansu. Ka lura da wannan juyi. Yaron da baiwa ta raina, shi ma ya ɗanɗani bauta da jikinsa kafin ya cika shekara ashirin.

Daga nan labarin ya fara sauri. Ya koma fataucin goro. Turawa suka ci Kano a 1903, hanyoyin ciniki suka soma canzawa, shi kuma ya riga tsaransa gane inda iska ta dosa. Wajen 1906 ya fara amfani da jirgin ruwa yana ɗauko goro daga gaɓar Ghana zuwa Ikko, maimakon ya jira jakuna su yi watanni. Goro kaya ne mai lalacewa, kullum sai an buɗe huhu an duba an yayyafa ruwa an cire mai ƙwari, don haka duk wanda ya rage kwanakin hanya ya rage asara.

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawa sun so manoman Arewa su rungumi auduga don masaƙun Ingila, manoma suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi, tunda ko ba ta sayu ba a ci ta. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya ɓarke. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wa za a ba bashi ya dawo da shi ba. Fataken goro sun sani. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Yana karɓar kuɗi, ya raba wa yaransa, su shiga ƙauyuka su bai wa manoma tun kafin kaka, a biya da amfanin gona. Duk harkar a kan amana take tafiya. Zuwa farkon shekarun 1920 ya sha gaban manyan attajiran Kano irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. A 1929, da bankin Turawa na Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, labarin da ya shahara shi ne Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Daga asusun Bebeji ke nan fa. Dalar gyaɗa kuma, wadda kake gani a tsofaffin hotuna, buhu kan buhu har wajen 15,000 a dala guda, da sunansa ake haɗa farkonta.

Mu nan ƙasar Gumel wannan zamani bai wuce ta bayan gidanmu ba. Lokacin muna cikin Lardin Kano ne, Jigawa sai a 1991 aka ƙirƙiro ta. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 ta Gagarawa ya ratsa, kuma jigawar nan tamu mai rairayi ƙasar gyaɗa ce. Je ka tambayi kakanka yadda ake kai gyaɗa kan sikeli a da, ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Da kuɗin gyaɗa aka biya haraji, aka yi aure, aka sayi keken farko a ƙauyuka da yawa.

Me ya yi da dukiyar? Abin da aka fi tunawa da shi a Kano shi ne ciyarwa da ɗaukar mutane. Gidansa a Sarari cike yake da yara da barori da baƙi, kuma an san shi da cin abinci tare da ma'aikatansa. Duk Babbar Sallah yakan yanka shanu a raba wa mabuƙata. Ya sauke farali, ya kuma biya wa wasu suka je. Amma a ganina babbar sadakarsa ita ce wadda ba a kiranta sadaka, wato jarin da yake damƙa wa yaro ya ce je ka juya. Mutum ya shigo gidan ba shi da ko anini, bayan shekaru ya fita da rumfarsa da iyalinsa. Irin riƙon da aka yi masa ne ya faɗaɗa, a ci da kai, a koya maka tattali, a sake ka ka tsaya.

Sai dai kar mu yaudari kanmu da daɗin labari. Na ga masu ɗora hoton Alhassan suna cewa ai ga shi nan, almajiri ma ya zama attajiri, don haka a bar yara su sha wuya, wuya ce ke gina mutum. Wannan magana ba ta yi mini ba ko kaɗan. A tsangayar da ya zauna akwai wasu yaran, a ayarin da ya bi akwai wasu samarin, a ranar da aka ci Bebeji an kama wasu da ba su sami abin fansar kansu ba. Mutum ɗaya ya fita, shi muke karantawa. Shi ɗin ma ya fito ne daga gidan da aka san fatauci, yana da dangi a harkar, yana da sunan uba da ake ganin girmansa a zango, ga kuma Tata. Yunwa ba ta koya wa kowa lissafi. Yaron da ke yawo da roba a tashar Gumel yau, in ka cire masa mai riƙo, abin da ya rage masa yunwar ce kawai.

Akwai gidajen marayu na gini, kamar na Nasarawa a Kano, kuma suna buƙatar shinkafa da sabulu da magani da masu zuwa su zauna da yara ko na awa biyu ne. Akwai kwamitocin marayu da ke tara kuɗi a wuraren tafsiri duk azumi, suna kuma ƙoƙari. In kana kusa da su, ka je. Amma a garuruwa irin namu, yawancin marayu ba a can suke ba. Suna ɗakin kaka, suna wurin gwaggo, suna hannun matar da mijinta ya rasu ya bar ta da biyar. In kana neman gidan marayun unguwarku, kar ka nemi allon sanarwa, nemi gidan da hayaƙin murhu ba ya tashi kullum alhali yara sun fi na kowa yawa.

A 1955 ciwo ya kwantar da Alhassan. Ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su haɗa kai, kada su wargaza kasuwancin, su riƙe zumunci. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a Sarari. Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa, irin su Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu, suka ɗora daga inda ya tsaya. Aminu, wanda aka haifa a 1931, shi ne ya rasu a watan Yunin 2025 aka binne shi a Madina, kuma na san ka ga yadda hotunansa suka cika waya a makon.

Ga wani abu da ya kamata ka haɗa. Sanusi yana da 'ya mai suna Mariya. A 1957 ta haifi ɗa namiji, a 1965 mahaifin yaron ya rasu, yaron yana da shekara 8, daidai shekarun Alhassan lokacin da Abdullahi ya rasu a Bebeji. Kakansa Sanusi ya ɗauke shi ya riƙe, a gidansa ya tashi yana ganin yadda ake ciniki. Sunan yaron Aliko Dangote. Shekara tamanin tsakanin marayun biyu, a zuriya ɗaya, kuma kowannensu akwai babban da ya ce a ba ni shi. Bambancin shi ne na biyun attajiri ne ya riƙe shi, na farkon kuwa matar da ba ta mallaki ko kanta ba.

Guruf ɗinmu bai mutu ba bayan Sallah, ko da yake mutum goma sha ne suka rage masu magana. Mun canza tsari. Yanzu duk ƙarshen wata kowa na jefa abin da bai fi kuɗin datar kwana biyu ba, mutum biyu ke riƙe da lissafi, ana turo hoton rasit a guruf, ba a ɗaukar fuskar yaro. Masu hutun makaranta suna zuwa yi wa yaran bitar karatu ranar Asabar. Da muka je wurin kakar nan muka tambaye ta yadda take so a yi da kasonta, ta ce a haɗa mata na wata uku a sayo mata akuya mai ciki, sauran ita ta san yadda za ta yi. Ranar Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga kasuwar Maigatari da sassafe kafin dillalai su ɗaga farashi. Jikan nata, mai rufe fuska da leda, ya ce shi zai riƙe igiyar a hanyar dawowa.